Lissafin Riƙe Ƙaramar Mota a Abuja Bayan Cire Tallafin Mai

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar a dandalin Eagle Square cewa tallafin man fetur ya ƙare, tambayar da mai neman mota yake fara yi wa dillali a Abuja ta sauya. A da ana fara tambayar shekarar mota, da lafiyar jikinta, da ko esinta yana sanyi, amma yanzu kafin a buɗe ƙofarta sai an ce, “Alhaji, ya shan manta yake?” Litar da ake saye ƙasa da naira 200 kafin wannan sanarwa ta koma naira 537 a gidajen man NNPC na Abuja cikin 'yan kwanaki, ta kai naira 617 a watan Yulin shekarar, sannan ta haye naira 1,000 a watan Oktoban 2024. Farashin ya yi ta hawa da sauka bayan haka, musamman da matatar Dangote ta fara sayar da fetur a watan Satumban 2024, sai dai bai sake kusantar inda ya baro ba. Shi ya sa manyan motoci masu fulogi shida suka yawaita a ajiye a tsakar gidaje, kasuwa kuma ta buɗe wa irin su Corolla da Yaris da Matrix da Honda Jazz da Kia Picanto da Hyundai i10.

Wannan juyi yana da hujja, kuma ina ganin daidai ne. Abin da yake damuna shi ne yadda mutane da yawa suka ɗauka cewa da zarar an sayi ƙaramar mota matsalar mai ta ƙare, alhali ƙanƙantar inji kashi ɗaya ne kawai na lissafin. Sauran kason yana hannun hanyar da ake bi kullum, da bakaniken da ake kai wa motar, da ƙafar wanda yake tuƙa ta, kuma waɗannan ukun suna iya cinye duk sauƙin da aka sayi motar dominsa.

Abuja gari ne da aka tsara shi ta yadda yawancin ma'aikatansa ba sa kwana a cikinsa. Ofisoshi suna Sakatariyar Tarayya da Garki da Wuse da Maitama, masu aiki a cikinsu kuwa suna fitowa daga Kubwa da Dutsen Alhaji da Lugbe da Gwagwalada, wasu ma daga wajen babban birnin tarayya baki ɗaya, wato Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa ko Suleja a jihar Neja. Mu ɗauki misalin ma'aikacin da zuwansa da dawowarsa suke cin kilomita 40 a rana, yana fita kwana 22 a wata, wato kilomita 880 ke nan ba tare da an sa kai yara makaranta da zuwa kasuwa ba. Idan motarsa tana tafiyar kilomita 12 da lita ɗaya, zai sha kusan lita 73 a wata; idan kuwa kilomita 7 take yi, zai sha kusan lita 126. A farashin naira 1,000, bambancin ya haura naira 50,000 kowane wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 yake naira 70,000. Abin lura shi ne, wannan tazara tsakanin kilomita 12 da kilomita 7 ba lallai sai tsakanin ƙaramar mota da jif ake samunta ba. Ana samunta tsakanin Corolla biyu da suka fito daga kamfani a shekara guda, ɗaya an kula da ita, ɗaya an bar ta ga gyaran cika-ido.

Dalilin da ya sa ƙaramin inji yake shan mai kaɗan mai sauƙin fahimta ne: silindojinsa ƙanana ne, nauyin da yake ja kaɗan ne, kuma gaban motar da ke karo da iska bai kai na babbar mota faɗi ba. To amma alƙaluman da kamfanoni suke rubutawa a takardar mota an same su ne a gwajin da aka tsara, da sabon inji, da tayoyi masu cikakkiyar iska, ba tare da mutum biyar da buhun shinkafa a but ba. Motar da ta shekara goma sha biyar a Amurka ko Turai kafin ta iso Legas ko Kwatano, sannan ta ƙara wasu shekaru a hannun mutum biyu ko uku a nan gida, babu dalilin sa ran za ta cika wancan alkawari sai idan an mayar da injinta kusa da yadda aka ƙera shi.

Duk wanda ya san hanyar Keffi da safe ya san inda man ma'aikata yake ƙarewa. Daga Mararaba zuwa Nyanya, daga nan a bi ta Kugbo har shataletalen AYA, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba idan hanya a buɗe take tana iya cin awa biyu. Mota tana matsawa taku uku ta tsaya, masu sayar da burodi da cajar waya suna ratsawa tsakanin layuka, direba yana sakin birki yana sake takawa, hayaƙin salansar motar gaba yana shigowa ta taga har ya tilasta masa rufe gilashi ya kunna esi. A wannan hali inji yana ƙona mai ba tare da ya ci ko mita ɗaya ba, kuma ƙaramin inji da ke aiki a tsaye yakan sha abin da ya kai rabin lita zuwa lita guda a awa, ya fi haka idan esi yana kunne. Bayan wannan, duk lokacin da mota ta tashi daga tsaye sai an kashe mai wajen motsa nauyinta, kuma duk lokacin da aka taka birki wannan ƙarfin da aka saya da kuɗi yana zama zafi ya bi iska. Saboda haka direban da yake bin motar gabansa a hankali, ya bar tazara, ya bari motarsa ta gangara da kanta, yana shan mai ƙasa da wanda yake taka totur ya cike gurbi sannan ya danne birki, ko da kuwa a layi ɗaya suke kuma tare za su isa AYA. Wanda ya iya fita kafin cunkoso ya haɗu, ko ya jinkirta dawowa har ya lafa, ya rage shan mai fiye da abin da kowane gyaran gareji zai ba shi.

Batun esi yana buƙatar adalci, domin zafin Abuja a watannin Fabrairu zuwa Afrilu ba abin wasa ba ne, kuma ba za a ce wa mai ɗauke da jariri ko tsoho ya haƙura da shi ba. Gaskiyar magana ita ce kwamfuresan esi daga jikin inji yake ɗiban ƙarfi, kuma nauyinsa ya fi bayyana a kan ƙaramin inji, shi ya sa mai Picanto yake jin motarsa ta yi nauyi da zarar ya kunna, mai babbar mota kuwa ba ya jin komai. Abin da ya fi dacewa shi ne a buɗe gilasai na 'yan mintoci idan motar ta daɗe a rana domin iska mai zafi ta fita, sannan a kunna esi a sa shi ya riƙa juya iskar cikin motar. A kan babbar hanya, inda buɗaɗɗen gilashi yake ƙara wa mota turjiyar iska, rufewa a kunna esi ba asara ba ce.

Manyan hanyoyin Abuja suna da tasu matsalar, wadda ita ce kishiyar ta Nyanya. Titin Kubwa da titin filin jirgin sama suna da faɗi da santsi har suna jan ƙafa zuwa totur, kuma turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa take yi: idan gudu ya ninka sau biyu, turjiyar takan ninka sau huɗu. Ƙaramar mota ta fi samun sauƙin mai a gudu matsakaici, wajen kilomita 70 zuwa 90 a awa, a giya mafi sama. Idan aka kai ta 130, ƙaramin injin yana aiki kusa da iyakar ƙarfinsa, kuma sauƙin da aka saye ta dominsa yana raguwa sosai, ban da haɗarin da ya sa dokar hanya ta tsayar da kilomita 100 a awa ga motocin gida a kan manyan tituna.

Inda na fi son a tsaya a duba da kyau shi ne gareji, domin a nan ne motoci da yawa suke koyon shan mai, kuma galibi da kyakkyawar niyya ake koya musu. Mutum ya kai motarsa wurin kanikawan Apo ko wani garejin unguwa saboda allurar zafi ta fara hawa a cunkoso. Bakanike ya buɗe bonet, ya taɓa tiyon lagireto, ya ce, “Yallaɓai, tamostat ne. Wannan na ƙasar sanyi ne, a nan ba a bukatarsa. Bari in cire, in haɗa maka fanka kai tsaye.” Ya cire ɗan ƙarfen da bai kai tafin hannu ba ya jefa a kwandon tarkace, ya ja waya daga fanka zuwa makunni, allura ta sauka, mai mota ya biya ya yi godiya. Abin da ya faru a zahiri shi ne an ɓoye cutar, sannan an ƙara wata. Injin zamani an ƙera shi ne ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90 a ma'aunin Salsiyas, kuma aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai wannan zafi kafin ya sake shi zuwa lagireto. Kwamfutar motar tana karanta zafin ruwan, kuma muddin ta ga inji bai ɗumama ba za ta ci gaba da ba shi mai fiye da kima, kamar yadda take yi da sassafe. Motar da aka cire wa tamostat aka sa fankarta tana juyawa ba tsayawa takan daɗe ba ta kai zafin aikinta ba, musamman a lokacin hunturu da damina, don haka tana shan man sanyin safiya har tsakar rana. Ainihin abin da ya sa ta zafi tun farko, wato lagireton da ya toshe da tsatsa saboda ana zuba masa ruwan rijiya maimakon ruwan sanyaya inji, ko murfinsa da ya saki, ko famfon ruwa da ya gaji, yana nan ba a taɓa shi ba.

Haka labarin yake game da abin da kanikawa suke kira indomi, wato matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda ake cirewa a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, wani lokaci ma kafin motar ta iso hannun mai saye. Cire ta kaɗai ba lallai ya ninka shan mai ba, amma yana kunna fitilar gargaɗin inji har abada, kuma da zarar direba ya saba da ganin wannan fitila a kunne, ranar da wata matsala ta gaske ta taso ba zai sani ba. Matsalar da ta fi ɓuya a bayan wannan fitila ita ce mutuwar sensar da ke auna iskar oksijin a hayaƙi, wadda da ita kwamfuta take daidaita yawan man da injekta ke fesawa. Idan ta mutu, kwamfutar takan koma ba da mai da yawa domin kare inji, sai a ga bakin salansa ya yi baƙi, fulogi ya yi zunzurutun toka, mai kuma yana tafiya. Na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari ta karanta matsalar mota tana samuwa a garejoji da yawa a Abuja, kuma kuɗin dubawa bai kai na cika tanki ba. Mai ƙaramar mota da ya ga fitilar nan a kunne ya kamata ya nemi a duba masa da ita kafin a fara canza kaya da ka.

Baƙin mai shi ma yana da rawar da yake takawa. Al'adar zuba mai kauri, irin 20W-50, a kowace mota ta samo asali ne daga zamanin Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, kuma ga irin waɗancan injuna ta dace. Yawancin ƙananan motocin da suka fito daga shekara ta 2000 zuwa yau kamfanoninsu sun rubuta 5W-30 ne, na baya-bayan nan ma 0W-20, kuma ana iya ganin lambar a kan murfin da ake zuba man ko a littafin motar. Mai kauri yana sa inji ya wahala wajen juyawa, yana kuma jinkirin isa ƙananan hanyoyin da aka tsara domin mai ruwa-ruwa. Sai matatar iska, wadda ƙurar hunturu take toshewa da wuri: a motar injekta toshewarta ta fi rage ƙarfi, direba kuma ya rama da ƙara taka totur. Iskar taya kuwa ita ce gyara mafi arha da aka fi sakaci da shi. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, kuma ya kamata a ce wa mai faci ya sa daidai wannan adadi da geji mai lafiya, domin tayar da ba ta cika ba tana jan mota baya kuma tana cinyewa ta gefe, wadda aka cika fiye da kima kuma tana rage riƙon hanya.

Akwai wata dabara da ta bazu daga direbobin haya zuwa masu motocin gida tun da mai ya yi tsada, wato sa mota a firi a gangara, wasu ma har kashe inji suke yi. A tsohuwar mota mai kafireto wannan yana iya rage ɗan mai, amma a motar injekta, idan aka ɗaga ƙafa daga totur mota tana cikin giya, kwamfuta takan tsayar da fesa mai gaba ɗaya, tayoyi ne suke juya inji. Da zarar an sa firi kuwa dole a ci gaba da ba injin mai domin kada ya mutu. Kashe inji ya fi muni, domin ƙarfin birki da laushin sitiyari duka daga inji suke, kuma bayan taka birki sau biyu ko uku sai ya yi tauri. Wanda ya san gangaren Kugbo da yawan tirelolin da ke bi ta nan, ko Hawan Kibo a hanyar Jos, ya san cewa babu adadin man da ya kai a yi wannan kasada dominsa.

Duk waɗannan abubuwa ba za a gane tasirinsu ba sai an auna, kuma a nan ne ɗabi'ar sayen mai take hana mutane ganin gaskiyar motarsu. Mafi yawanmu da naira muke sayen mai, a ce a zuba na dubu biyar ko na dubu goma, sannan a yi hukunci da yawan kwanakin da ya yi. Tun da farashi yana sauyawa, kuma tafiyar wannan mako ba ita ce ta wancan ba, wannan ma'auni ba ya nuna komai. Hanyar da ta tabbata ita ce a cika tanki har famfo ya katse da kansa, a rubuta lambar kilomita da ke kan allon mota, a yi zirga-zirgar da aka saba, sannan a koma gidan mai ɗaya a sake cikawa, a raba kilomitar da aka yi da litar da ta shiga. Na san cika tanki sau biyu nauyi ne ga mai albashi, amma ko sau ɗaya a wata uku aka yi, ya isa ya nuna ko mota ta fara lalacewa, ya kuma tona gidan man da famfonsa ba ya ba da cikakkiyar lita. Yawo kullum da tanki a ƙasa kuma yana da nasa kuɗin, domin famfon mai a cikin tanki yake zaune kuma man ne yake sanyaya shi. Shi ma man 'yan bumburutu da ake saye a jarka lokacin ƙarancin mai babu mai tabbatar da abin da aka gauraya masa, kuma mazauna Abuja ba su manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da fetur mai yawan sinadarin metanol ya shigo ƙasar ta hanyar hukuma ma, ya lalata injuna ya kuma jawo dogayen layuka.

Mai ba shi ne dukan kuɗin riƙe mota ba, kuma a nan ne zaɓin ƙaramar mota yake ƙara sarƙewa. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma zuwa sama da naira 1,500 a farkon 2024, kuma kusan kowane kayan gyara daga waje yake zuwa. Wannan ne ya sa Corolla mai injin lita 1.8 take riƙe farashinta duk da cewa akwai motocin da suka fi ta ƙarancin shan mai: kayanta suna ko'ina, sabo da na hannu, kowane bakanike ya san ta, kuma ranar da aka so sayarwa ba a rasa mai saye. Motar da injinta lita 1.0 ne tana iya rage wa mai ita 'yan litoci a kowane mako, amma idan giyarta ta atomatik ta samu matsala, ko aka zuba mata man giyar da ba nata ba, ko aka shafe mako uku ana jiran wani ƙaramin kaya daga Legas, ribar shekara guda tana iya tafiya a gyara ɗaya. Sannan akwai tsayin mota daga ƙasa, wanda ba ya damun mazaunin Gwarinpa amma yana damun wanda gidansa yake cikin lungunan Mararaba ko Karshi da damina, inda ramuka suke cin shakazoba da ƙasan inji. Akwai kuma yawan iyali da tafiyar Sallah zuwa Kano ko Katsina ko Bauci: ƙaramin inji da aka ɗora wa mutum shida da kaya har saman rufi ba ya ba da sauƙin man da aka san shi da shi, birkinsa da tayoyinsa kuma ba don wannan nauyi aka yi su ba. A kan duk wannan sai a ƙara sabunta takardu da inshorar da ta tashi daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a farkon 2023.

Ma'aikata da yawa sun samo wa kansu mafita ta ɗaukar fasinja a hanyar zuwa aiki da dawowa, kuma ta fuskar lissafi babu dabarar da ta kai wannan, domin litar da za ta kai mutum ɗaya ita ce za ta kai huɗu da ɗan ƙari kaɗan. Sai dai matsalar 'yan wan-cans, wato 'yan fashin da suke shigar burtu a matsayin direba da fasinjoji, ta sa fasinja yana tsoron motar da bai sani ba, mai mota ma yana tsoron wanda zai ɗauka, don haka tsarin ya fi aminci tsakanin maƙwabta ko abokan aiki da suke karo-karon kuɗin mai.

Mafita ta biyu da gwamnatin tarayya take tallatawa tun 2023 ita ce mayar da mota ta riƙa amfani da iskar gas ta CNG, wadda ta fi fetur arha nesa ba kusa ba, kuma Abuja tana cikin garuruwan da suka fara samun gidajen sayar da ita. Ga mai tasi ko mai kabu-kabu da yake wuni a hanya, kuɗin juyawar yana dawowa da wuri. Ga mai ƙaramar motar gida lissafin ya bambanta, domin tukunyar gas ɗin tana cinye mafi yawan but ɗin da dama ƙarami ne, nauyinta yana zama a kan ƙafafun baya, ƙarfin inji yakan ragu kaɗan, gidajen gas ɗin ba su da yawa kuma ana yin layi, sannan da an nufi garuruwan da babu gidan gas dole a koma kan fetur. Wanda tafiyarsa ba ta wuce kilomita 20 a rana zai daɗe kafin ya mayar da kuɗinsa, wanda yake zuwa daga Gwagwalada ko Suleja kullum kuwa yana da dalilin dubawa da gaske. Duk wanda zai yi, wajibi ne ya je cibiyar da aka amince da ita, domin gas ɗin yana shiga tukunya ne da matsi mai tsanani da ya kai kusan 200 a ma'aunin matsi na bar, kuma fashewar da ta auku a wani gidan gas a Benin a watan Oktoban 2024 an danganta ta da tukunyar da ba ta cika ƙa'ida ba, wadda aka haɗa da walda.